Man da Na Ce Baƙi Ne

Litinin, 6 ga Mayu 2024

Motar Garba ta sake tafasa. Karo na ukku ke nan cikin wata guda. Daga bakin garajina nake kallonsu, titi ne kawai tsakaninmu. Baba Sambo, surukina, ya ɗage kujerar gaba ya duƙa kan injin, Garba na tsaye yana fifita da hula, fasinjan Yamai sun sauka sun koma inuwar bedi suna tsaki.

Karon farko Baba ya wanke radiyata. Na biyu ya cire termosta ya jefar. Yau ban san mi ya rage ya cire ba.

Ni tun da safe na ga ciwon. Da Garba ya tada ta, farin hayaƙi ne ya biyo ta baya, mai kauri kamar tururin tukunya, kuma injin na ɗingishi kafin ya daidaita. Juwan kulas ne. Shimfiɗar nan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, mai raba ruwa da mai da wuta, ta ƙone.

Na ci gaba da aikina. Ba wurina aka kawo ta ba.

Talata, 7 ga Mayu

Wani baƙon direba daga Sanam ya tsaya yana tambaya: "Nan ne garajin Ruwan Sanyi?" Mutumin da bai taɓa ganina ba.

Shekara ashirin da biyu. Ina ɗan sha bakwai ina koyon aiki hannun Baba Sambo, na zuba ruwan randa cikin inji mai zafi, kan injin ya tsage. Kuskure ɗaya. Ya tsai da ni tsakiyar tasha da bokiti a kai tun hantsi har la'asar, duk wanda ya wuce ya ce masa, "Ku gai da Ruwan Sanyi." Ranar ɗaurin aurena da A'isa ma haka ya ce gaban liman: "Na ba Ruwan Sanyi ɗiyata." Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Shekara tara da garajin kaina, 'ya'ya ukku, furfura ta fara fitowa. Ban tuna ranar da ya kira ni da sunana Kailu ba.

Laraba, 8 ga Mayu

A'isa ta kawo abincin rana da kanta. Ta jira har masu mota suka watse.

"Maigida, wata magana ce, amma don Allah ta tsaya nan."

Wai idon Baba. Yanar ido ta rufe na dama tun bara, na hagu ma ya kama hanya. Mutum sai ya yi magana yake gane shi. Kile ta kwance kusoshi kuwa da yatsa yake gane lambarta. Babu wanda ya sani sai ita da innarta. In direbobi suka ji, sun gudu ke nan.

"Ka biya kamar wucewa kake. Ka duba masa motar nan. In ka ga wani abu, ka gaya masa tsakaninku."

Na ce to.

Yanzu na gane abin da ya sa bai ga hayaƙin ba. Na ci abincin nan tas, har na suɗe kwanon. Rabona da jin daɗin miya haka na daɗe.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na je bayan na karya, kafin tasha ta cika. Shi kaɗai ne, zaune kan tsohuwar taya. Na durƙusa na gaishe shi.

"A'a, Ruwan Sanyi. Yau hanya ta biyo da kai?"

Na ce wucewa nake. Ya ce to tunda na zo, in tada masa motar Garba ya ji.

Komi na nan yadda na zata. Na buɗe marfin radiyata tun injin na sanyi, na tada: kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya, in na taka wuta su ƙaru. Tiyon sama ya yi tauri kamar rake tun ruwan bai yi ɗumi ba. Na kwance buji masu ba inji wuta, na biyu da na ukku fes, kamar an wanke su da sabulu, sauran biyun da baƙinsu. Na kwance marfin mai. Ƙarƙashinsa fari, mai kauri, kamar kindirmo. Ruwa ya gauraye da mai.

Ya karkata kai yana saurare. Ya daɗe. Sannan ya ce, a hankali, ba irin muryarsa ba:

"Kunnena na gaya mini juwan ne. Silinda biyu na shan ruwa. Amma kunne na ruɗin tsoho. Duba mini man nan. Mi ka gani?"

Ina riƙe da marfin, tsakaninsa da fuskarsa bai kai kamu ɗaya ba.

Na ce, "Baƙi ne, Baba. Lafiyarsa lau."

"Radiyata fa? Ba kumfa?"

"Babu."

Ya sauke numfashi. "To alhamdu lillahi. Famfon ruwa ne ke nan." Har ya ce Allah shi yi albarka.

Na maida marfin na ɗaure sosai.

Asabar, 11 ga Mayu

Sabon famfo ya iso daga Yamai. Baba ya ɗaura shi da lalube, wuni guda. Ina shan shayi ina kallo.

Litinin, 13 ga Mayu

Motar Garba ta tashi ƙarfe bakwai, cike, har da buhunan wake a sama. Inna Mairama mai furar tasha na gaba, ƙafarta naɗe da tsumma. Gyambon ciwon suga ne, an ba ta ranar ganin likita a Yamai gobe da safe. Ta ɗaga mini hannu ta taga.

Ƙarfe goma labari ya zo. Motar ta mutu musu kusa da Damana, tururi har cikin mota. Suna bakin hanya cikin ranar nan har la'asar, duk motar da ta wuce a cike take. Aka kwaso su aka maido gida.

Na zaci za ta kai Baleyara ma.

Laraba, 15 ga Mayu

An jawo motar jiya da igiya, an aje gaban garajin Baba. Yau Garba ya tsallako wurina, ido ja.

"Don Allah ka zo ka duba. Surukinka ne, na sani, amma iyalina da motar nan suke ci."

Na ce aiki ya yi mini yawa, sai Lahadi. Ya dubi garajin, babur ɗaya ne ciki. Ya juya ya koma.

Lahadi kasuwa.

Alhamis, 16 ga Mayu

A'isa ta tambaye ni ko na je ranan. Na ce na je, ban ga komi ba, wani ciwon sai an buɗe. Ta ce Baba ba ya cin abinci.

An sake ba Inna Mairama wata rana, sai farkon watan gobe. Ba ni na sa mata suga ba.

Lahadi, 19 ga Mayu

Bari in rubuta shi duka, kada wani abu ya ɓace mini.

Na bari sai da hantsi ya yi, motocin ƙauye sun sauke, tasha ta cika maƙil. Direbobin Abala, na Sanam, na Bonkuku, 'yan sandika na ƙungiyar direbobi, masu shayi, Fulani da sandunansu sun tsaya kallo. Garba ya ce a tura motar zuwa wurina. Na ce a'a, a bar ta inda take, gaban maigidana zan duba, shi ya koya mini.

Baba na kan tayarsa. Na gaishe shi da ƙarfi yadda kowa zai ji ladabina.

Na zuba ruwa, na sa Garba ya tada. Da kyar ta kama. Na kira mutane su matso. Na nuna musu kumfar. Na sa wani ya matsa tiyo da hannunsa. Na kwance buji huɗu na jera kan kwali, na ce su dubi biyun tsakiya, ruwa ne ya wanke su. Na zagaya da su baya suka ga hayaƙin, na tara tafin hannu ya jiƙe. Kamar malamin lakkwal gaban 'yan makaranta. Ban taɓa jin bakina ya yi daɗi haka ba.

Sannan na kwance marfin mai. Na ɗaga shi sama, na juya shi kowa ya gani. Aka yi "kai!" Na taka har gaban Baba, na durƙusa, na miƙa shi daidai idonsa.

"Baba, ni ƙaramin makanike ne. Kai za ka raba mu. Man nan wane launi ne?"

Ya ɗago kai, idon nan fari-fari yana neman inda nake. Ya san da tarko, na ga ya sani. Amma abin da ke hannunsa kaɗai shi ne abin da na ba shi ranar Alhamis.

Ya ce, "Baƙi ne."

Dariyar ta fara daga baya. Wani ya ce, "Baƙi? Wanga kindirmon?" Wani ya ce a kawo gumba a dama. Garba bai yi dariya ba, ya riƙe kai.

Na miƙe na ce, "Jama'a, kada ku ga laifinsa. Shekara guda ke nan ba ya gani. Makaho kuke ba motocinku, ku zuba iyalan mutane ku hau titi."

Baba ya miƙo hannu. Na ba shi marfin. Ya sa yatsa ya shafo, ya murza, ya kai hanci. Ya daɗe yana murzawa. Sai ya juyo da fuska wajena. Na jira. Na shirya amsa tun kwana ukku: in ya ce ni na gaya masa baƙi ne, zan ce tsufa ya taɓa kan ma.

Bai ce ba. Ya goge yatsan a riga, ya ce, "Juwan ne. Ku ba shi aikin, ya iya." Ya lalubo sandarsa ya bi jikin bango. Sai da ya yi karo da jarka, aka sake dariya.

Maza takwas suka turo motar zuwa garajina. Na sayi tsire.

Talata, 21 ga Mayu

Na sauke kan injin. Juwan ya ƙone tsakanin silinda na biyu da na ukku, ramin ya kai faɗin ɗan yatsa, ya ci har hanyar ruwa. Na ɗora ƙarfen awo kan kulas ɗin, wato kan injin da na sauke, haske na wucewa ta ƙarƙashi. Ya lanƙwashe. Tafiyar Damana ce ta yi masa haka. Da ranar Alhamis ɗin nan aka buɗe, juwan kaɗai za a canza. Yanzu sai an kai Yamai an goge.

Na gaya wa Garba. Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da tsohon nan." Na ce ya yi haƙuri, tsufa ne.

Laraba, 22 ga Mayu

Mota biyar gaban garajina. Gaban nasa akuya biyu.

Sunan ya kama. Baba Kindirmo. Ba ni na raɗa ba, Allah na gani. Ban hana ba dai.

Yau mutum ukku suka ce mini Malam Kailu.

Juma'a, 24 ga Mayu

Kwana biyar A'isa ba ta ce mini komi ba. Ruwan wanka na nan, abinci na nan, gaisuwa na nan. Da ta yi ihu ma. Yau da na dawo masallaci na ce in tana da magana ta faɗa, na gaji da wanga shirun.

Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ka zaci ni na yi tunanin zuwa wurinka? Shi ya aike ni. Ya ce, je ki gaya wa mijinki, idona ya tafi, shi kaɗai na yarda ya zame mini ido. Ya ce in kun gama motar Garba tare zai ba ka makullin garajin gaban 'yan sandika. Kunya ta hana shi faɗa maka da bakinsa."

Na ce shekara ashirin da biyu kunya ba ta hana shi kirana Ruwan Sanyi ba.

Ta ce, "Awo. Ya zalunce ka. To ka rama. Da bakina ka rama."

Sai ta ce abin da ya fi ba ta tausayi, Baba na ta cewa laifinsa ne, da bai tsaya neman idon kowa ba, da ya bi kunnensa. Ta tambaye shi idon wa ya nema, ya yi shiru.

Ke nan bai gaya mata ba. Ko ita.

Asabar, 25 ga Mayu

Mi yake jira? Ya faɗa mana. Ya tara su ya faɗa, in ƙaryata shi, a wuce wurin. Wannan ma wata muguntar ce. Na san shi.

Laraba, 29 ga Mayu

Kulas ya dawo, an goge shi sumul. Na wanke fuskar injin, na ɗora sabon juwan, na ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa waje, zagaye ukku, kaɗan-kaɗan. Ina cikin ɗaurewa na ji bakina na ƙirga su yadda yake ƙirgawa, da irin waƙar nan tasa. Na yi shiru.

Na canza mai sau biyu. Ta tashi bugu ɗaya. Ba kumfa, ba hayaƙi. Na kai ta har dutsen bayan gari na dawo, allurar zafi ba ta motsa ba. Aiki ya yi kyau. Babu wanda zan nuna wa da zai gane irin kyaun da ya yi.

Juma'a, 31 ga Mayu

Baba ya sa kwaɗo a garajinsa. An ce ya raba kayan aikin, bai sayar ba.

Na same shi ƙofar gida bayan la'asar, dole na bi ta nan, hanyar mai walda ce. Na durƙusa na yi sallama. Ya saurara.

"Malam Kailu ne? Sannu da aiki. Ina iyali?"

Kamar mai gai da baƙon da ya zo sayen gero. Na ce lafiya lau. Ya ce madalla. Ya ci gaba da jan tasbaha.

Abin da nake so ke nan tun ina ɗan sha bakwai. To na samu.

Talata, 4 ga Yuni

An yanke ƙafar Inna Mairama, ƙasa da gwiwa. Likita ya ce da ta zo makonni ukku da suka wuce, wataƙila yatsu kawai za a cire. Wataƙila ya ce. Wataƙila.

Alhamis, 6 ga Yuni

Baba ya sa A'isa ta kai shi gidansu Inna Mairama jaje. Ɗanta Hamidu ya tare ƙofa. Gaban mutane ya ce, "Koma, Kindirmo. Ka ci ƙafar uwata, mi kuma ka zo ɗauka?" Baba ya ce, "Gaskiyarka," ya juya.

Mai shayi ne ya ba ni labari, yana kwaikwayon tafiyarsa. Na biya shi na tashi, ban sha ba. Sukarin ya yi yawa.

Hamidu ya kawo mini babur ɗinsa da yamma. Na gyara. Ya ce Allah ya bar mana irinku masu gaskiya.

Asabar, 8 ga Yuni

Ba abin rubutawa.

Talata, 11 ga Yuni

A'isa ta samo masa rana wurin likitan ido a Yamai. Jiya muka tafi, cikin motar Garba. Ni ba rakiya na yi ba, ina da kulas ɗin wata mota da zan kai a goge. Da zan iya aikawa, amma masu gugar nan sai ana tsaye kansu.

Su biyu na gaba, ni can baya. Garba bai gaishe shi ba. Tafiyar awa huɗu, ba wanda ya yi wa wani magana. Wajen Damana na ga ya karkata kai yana sauraren injin, ya daɗe, sannan ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ko barci ne ke ɗibarsa, ban sani ba.

Da muka isa gidan likita A'isa ta shiga layin karɓar takarda, ta bar shi bakin ƙofa. Aka kira masu jiran awo su koma wani gini can ƙarshen fili. Tsakani akwai kwata a buɗe, da babura, da matakala huɗu. Kulas ɗin na kafaɗata cikin buhu. Na kama gwiwar hannunsa. Ya zame, a hankali, ba faɗa.

"Bar shi, Malam Kailu. Na gode."

Ya tsaya da sandarsa yana juya kai. Mutane na ture shi.

Sai na wuce gabansa. Na riƙa jan takalmi a ƙasa, sarr, sarr. Na kauce wa kwatar ta hagu. Wurin matakala na buga ƙafa kan kowace ɗaya. Ban waiwaya ba, amma ina jin sandar na biye da ni har cikin inuwa. Ya samu benci ya zauna.

An ce za a yi na dama bayan Sallah, na hagun sai an gani.

Mai guga ya rufe kafin in isa. Sai na sake komawa, wataƙila ranar da aka ba su, tunda motar ɗaya ce.

Takalmin nan ya yi mini yawa ne. Tun da na saye shi yake ja.